Yadda ake yashe zinaren kogi da ɗan jari ba tare da an kashe ruwan ba

Zinaren da ake samu a yashin kogi ba a nan ya tsiro ba. Asalinsa yana cikin jijiyar farin dutse a kan tudu, ruwan sama da rana suka farfasa dutsen cikin dubban shekaru, ambaliya ta gangaro da shi, ya zauna a inda ruwa ya gaji. Kogi ya riga ya yi maka aikin da ya fi tsada, wato fasawa da niƙa. Abin da ya rage naka shi ne ka gane inda ya ajiye, ka ɗauko, ka raba shi da yashi. Wannan aikin ba ya buƙatar katafila, ba ya buƙatar zaiba (ruwan ƙarfen nan mai launin azurfa da ake kama zinare da shi), ba ya buƙatar a mayar da ruwan da gari ke sha ya koma kamar kunu.

Na rubuta wannan ne don masu wankin zinare na ƙoramu da gulabe, irin waɗanda ake gani a yankin Yawuri, da Birnin Gwari, da Anka, da Shiroro, da kuma bakin Sirba a Nijar. Tun 1913 ake haƙar zinare a arewacin Najeriya, harkar ta yi tashe sosai a shekarun 1930, kuma da yawa daga wuraren da ake wanki yau tsofaffin wurare ne. Abin da na gani da idona shi ne mafi yawan asarar da ake yi ba ta rashin inji ba ce. Ana kwashe ƙasar da ba ta da komai, ana ƙona mai a kanta, sannan ɗan zinaren da aka taɓo yana ficewa ta wutsiyar akwatin wanki, wato dogon kwararon katako ko ƙarfe da ake zuba tsakuwa da ruwa su gangara ta cikinsa. Wanda ya gyara waɗannan biyun zai ga kuɗin da yake kashewa ya ragu, ɓarnar da yake yi wa kogin ma ta ragu, domin tushensu ɗaya.

Kafin ka taɓa ƙasa

A Najeriya ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa da na cikin ruwa mallakar gwamnatin tarayya ne, haka tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ita ce ke tsara yadda ake ba da izini. Ƙaramin mai haƙa yana da lasisin da aka ware masa, na ƙaramar haƙa, wanda ake nema a ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗu ku yi ƙungiyar gama kai mai rajista, ku nema da sunanta. Ana buƙatar yardar mai fili a rubuce, akwai kuma izinin amfani da ruwa. Ka bincika ko filin bai faɗa cikin lasisin wani ba, kuma ko jiharku ba ta cikin dokar hana haƙa a lokacin. Zamfara ta zauna cikin irin wannan haramcin daga Afrilun 2019 har zuwa Disambar 2024.

Takardar Abuja ba ta isa ba. Ka je wurin mai gari, ka je wurin Sarkin Ruwa idan akwai masunta, ka zauna da ardon Fulanin da ke shayar da shanu a wurin, da masu noman rani da ke ƙasa da kai. Ka tambaye su ina ne mashaya, ina mata ke ɗiban ruwa, ina kifi ke taruwa idan ruwa ya ja baya. Waɗannan wuraren ka cire su daga lissafinka tun yanzu, ko da kwanon gwaji ya nuna maka alheri a cikinsu.

Lokacin aiki kuwa rani ne, daga bayan kaka har zuwa gab da faɗuwar damina. Kifin gulabenmu yawanci yana ƙwai ne idan ruwa ya fara cika, don haka aikin damina yana kashe kifin baɗi, ga kuma haɗarin ambaliya. A rani ruwa ya janye, tsibiran yashi da tsakuwa sun fito fili, za ka iya yin kusan dukan aikin a busasshen wuri.

Mataki na farko: karanta kogin

Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau uku ba. Baƙin yashin nan da ke raka zinare yana wajen sau biyar. Wannan bambancin nauyin shi ne duk ilimin sana'ar. Duk inda ruwa ya rage gudu, mai nauyi ne ke fara zama, kuma idan ambaliya ta motsa tsakuwa, zinare yana nitsewa ƙasa har sai ya tarar da abin da ba zai iya ratsawa ba, ko falalen dutse ko shimfiɗar yumɓu mai tauri.

Saboda haka idan ka je, kada ka dubi ruwan da ke gudana yau. Ka dubi alamun ruwan Agusta: inda ciyawa da tarkace suka maƙale a rassan itatuwa, inda manyan duwatsu suka jeru. Ka nemi cikin gwiwar kogi, wato gefen da yashi ke taruwa, ba gefen da ruwa ke cin gaɓa ba. Ka nemi bayan babban dutse ta ɓangaren da ruwa ya nufa, da inda ƙorama ta fito daga matsatsi ta buɗe, da mahaɗar rafi biyu. Mafi daraja duka su ne tsagogin dutsen ƙasa da suka gitta hanyar ruwa, don su ne tarkon da Allah Ya kafa tun kafin a haife mu. Inda ka ga manyan tsakuwa masu santsi sun cakuɗe da baƙin yashi sun ƙanƙame, nan ruwa mai ƙarfi ya sauke kayansa. Lallausan farin rairayi mai zurfi yawanci ba shi da komai.

Mataki na biyu: gwaji da awo

Nan ne mutane ke gaggawa, kuma nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kwana uku ko mako guda na gwaji ya fi wata guda na haƙa a kan jita-jita.

Ka samo bokitin fenti na lita 20. Bokiti 50 shi ne mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya. Ka ja layi ya gitta tsibirin tsakuwar, ka haƙa ƙananan ramuka a kan layin, tsakanin kowane biyu taku goma. A kowane rami ka ɗebi samfur daban daga sama, daga tsakiya, da kuma daga can ƙasa inda ya taɓa dutse ko yumɓu. Ka wanke kowanne a kwano ko ƙwarya, ka ƙirga ƙwayoyin da suka fito, ka rubuta a littafi tare da zanen wurin. Ka sake jan wani layin gaba kaɗan. Bayan layi uku ko huɗu za ka ga zinaren ba a warwatse yake ba, yana bin wata siririyar hanya ne, wani lokaci faɗinta bai wuce taku biyu ko uku ba. Ita kaɗai za ka bi.

Idan ka gano hanyar, sai awo. Ka wanke bokiti goma cif daga shimfiɗar da ta fi kyau, ka busar da abin da ya fito, ka auna a sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Ka ninka sau biyar. A matsayin misali kawai, idan bokiti goma sun ba ka giram 0.06, to kowace mita tana da giram 0.3. Idan ku huɗu kuna iya wanke mita biyar a yini, kuna maganar giram ɗaya da rabi ke nan, kafin a cire abin da zai kuɓuce. Yanzu ka zauna ka lissafa mai, abinci, haya, hakkin mai fili, da ranakun da za a ɓata wajen kwashe ƙasar sama da mayar da ita. Idan lissafin bai fita a takarda ba, ka cike ramukan gwajinka ka matsa gaba.

Ga sabon shiga: ba duk mai ƙyalli ne zinare ba. Akwai ɓawon dutse mai walƙiya da ke yawo a kwano idan ka karkaɗa, akwai kuma wani mai ruwan tagulla da ke farfashewa idan ka danna shi da wuƙa. Zinare yana lafewa a gindin kwano, idan ka danna shi da allura lotsawa yake yi, kuma launinsa ba ya canzawa ko a inuwa.

Mataki na uku: akwatin wanki

Ko da hannu kake ɗiba ko da inji, akwatin ne ke kama zinaren, saboda haka a nan za ka sa hankalinka da ɗan kuɗinka. Kafinta ko mai walda na gari zai iya yi maka. Faɗinsa santimita 30, tsawonsa mita biyu zuwa uku, bangonsa santimita 15. A shimfiɗa kafet mai kaushi ko tabarmar roba irin mai murɗaɗɗen zare da ake sawa a ƙofar ofis, a yanka ta gida uku don a iya cire kowane yanki daban. A bisa kafet ɗin a ɗora ragar ƙarfe mai idon lu'u-lu'u, a danne ta sosai yadda ruwa ba zai bi ta ƙarƙashi ba. Kowane ido na ragar yana haddasa ɗan ƙaramin juyin ruwa a bayansa, a nan mai nauyi ke faɗawa, marar nauyi ya wuce.

A kan akwatin a kafa rariya mai idon kimanin santimita ɗaya. Wannan rariyar ita ce abin da aka fi rainawa, alhali ita ce ke ceton ƙananan ƙwayoyi. Idan ka bar manyan duwatsu suka shiga akwati, dole ka ƙara ruwa da gangara don su wuce, ruwan da zai iya tura dutse kamar ƙwan kaza kuwa zai tafi da garin zinare. Ka wanke duwatsun a kan rariya, ka duba su da ido, ka tara su gefe, za su yi amfani wajen cike rami.

Gangara ka fara da santimita takwas zuwa goma a kowace mita. Ka sa akwatin ya daidaita hagu da dama, ka tabbatar da haka da kwalbar ruwa a kwance idan ba ka da ma'aunin magina. Zurfin ruwa a ciki kamar yatsu biyu. Daga nan sai gyara da ido da hannu. Ka sa yatsa a bayan idon raga yayin da ake aiki: idan yashin ya daskare ya yi tauri, akwatin ya toshe, zinare yana bi ta sama yana wucewa, sai ka ƙara gangara ko ruwa ko ka rage zubi. Idan kuma ka ga kafet tsirara babu ko baƙin yashi, ruwan ya yi ƙarfi, ka rage. Abin da ake so shi ne ka ga baƙin yashi yana rawa a cikin idanun, bai daskare ba bai kuma gudu ba.

Akwai gwajin da nake roƙon kowa ya yi kafin ya fara aikin gaske. Ka yanka wayar tagulla gunduwa ashirin, ƙanana kamar ƙwayar gero, ka cuɗa su a bokitin tsakuwa, ka zuba kamar yadda ka saba. Ka tsayar da ruwa, ka wanke yankunan kafet ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga. Tagulla ba ta kai rabin nauyin zinare ba, don haka akwatin da ya riƙe ta zai riƙe zinare mai girmanta. Idan mafi yawansu suna yankin farko, ka dace. Idan suna yanki na uku ko sun ɓace, kada ka ci gaba sai ka gyara. Haka kuma kowace awa ka tara kwano a wutsiyar akwati ka wanke. Ganin ƙwaya ko ɗaya a nan saƙo ne.

Abu biyu ne ɓarayin zinare a akwati. Na farko yumɓu: curinsa yana gangarawa yana liƙe ƙwayoyin da suka riga suka zauna ya fita da su. Ƙasa mai yumɓu a jiƙa ta a rabin duro, a dama ta da sanda har ta narke kafin a zuba. Na biyu zubin gaggawa. Shebur uku a lokaci ɗaya sannan a huta ya fi komai ɓarna. A riƙa zubawa kaɗan kaɗan ba yankewa, ruwa ya rinjayi ƙasa nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: ramukan tace ruwa

Wannan ne ya raba mai sana'a da mai ɓarna. Duk wanda ya ga hotunan kogin Pra ko Ankobra ko Offin a Ghana ya san abin da laka ke yi wa ruwa idan injinan yasa suka yi yawa a cikinsa. Har kamfanin ruwan ƙasar ya sha kokawa kan wahalar tace ruwan sha, gwamnati ta dakatar da ƙaramar haƙa gaba ɗaya a 2017. A Senegal ma an dakatar da haƙa a gaɓar kogin Faleme a 2024 saboda gurɓatar ruwa. Laka tana toshe numfashin kifi, tana binne ƙwansa, tana cika rijiyoyin bakin rafi, tana cinye injin mai noman rani. Idan ta kai haka hukuma ba ta tantance mai kirki da mugu, kowa ake kora.

Maganin ba shi da tsada, gumi ne kawai. A kan tsibirin yashi ko tudun da ke nesa da bakin ruwa, a haƙa ramuka uku a jere. Wutsiyar akwati tana zuba a na farko, nan tsakuwa da yashi ke zama, ana kwashe shi kullum. Ruwa ya malala ta sama zuwa na biyu, wanda ya kamata ya fi kowanne tsawo, mashigarsa a wannan ƙarshen mafitarsa a wancan. A gitta zana ko buhunan yashi a cikinsa yadda ruwan zai riƙa zagaye maimakon ya miƙe. Na uku shi ne na ruwan da ya kwanta, daga nan injin ban ruwa ke ja ya mayar kan akwati. Ruwa ɗaya ke ta zagayawa, abin da ake ƙarowa daga kogi kawai na cike gurbin wanda ƙasa ta sha ne.

Girman ramin na biyu kwalba ce za ta gaya maka. Ka cika farar kwalba da ruwan wutsiyar akwati, ka ajiye, ka duba agogo. Idan ya ɗauki minti 30 kafin ya washe, to ramin ya zama mai ɗaukar aƙalla ruwan da injinka ke turawa cikin minti 30, in son samu ne ninki biyu. Inda ƙasar ke da jan yumɓun da ba ya son kwanciya, dakakken ƙwallon zogale yana taimakawa, kamar yadda iyayenmu ke yi wa ruwan randa, amma a ƙaramin ramin ƙarshe ne zai yi tasiri. Ruwa mai kauri ba kogi kaɗai yake cuta ba, yana hana garin zinare nitsewa a akwati, don haka idan ruwan zagayen ya yi kauri a tsaya ya kwanta.

Mataki na biyar: ɗiban tsakuwar

Hanya uku ce, kuma shawarata a fara da ta farko, kada a hau ta gaba sai littafin awo ya nuna za ta biya kanta.

Ta farko hannu ne: diga, shebur, kwanon sarki, baro. A kwashe ƙasar sama a tara ta waje ɗaya, tsakuwar da ba ta da komai waje ɗaya, sannan a ɗebi shimfiɗar ƙasa a kai akwati. Idan an kai dutse, aikin gaske ya fara. A kankare tsagogi da lanƙwasasshen rodi da cokali da burushi, a fasa ɓawon dutsen da ya ruɓe a wanke shi. Don tsagogin da ke cikin ruwa ana haɗa mazuƙi na hannu da bututun roba mai inci biyu, tsawon hannu ɗaya da rabi, da sanda mai fatar roba a ciki kamar famfon keke: ka cusa bakin a tsaga, ka ja, ka juye a bokiti. Ba mai, ba ƙara, kuma sau da yawa bokiti ɗaya daga tsaga ya fi baro goma daga sama.

Ta biyu ita ce a ƙara injin ban ruwa irin na masu fadama, mai inci biyu ko uku, ya riƙa kawo ruwa kan rariya, ɗiba kuwa har yanzu da hannu. Ga mafi yawan ƙungiyoyi a nan ya kamata a tsaya. A sa raga mai ƙananan ido a bakin tiyon jan ruwa saboda 'ya'yan kifi da tarkace. Injin ya zauna a cikin faranti ko rabin duro mai yashi, nesa da ruwa, a nan ake zuba mai da canza baƙin mai. Ɗigon mai kaɗan a ruwan wanki yana sa garin zinare ya yi iyo a sama ya tafi.

Ta uku ita ce ƙaramar yasa ta zuƙo, don ramin da ruwa ke tsattsafowa ya hana shebur aiki. Yadda take aiki shi ne: tsakuwa ba ta bi ta cikin inji. Injin yana tura ruwa da ƙarfi ta wani matsattsen bututu da aka yi wa walda a karkace a jikin bakin zuƙo, yana fesawa zuwa cikin babban tiyo. Gudun wannan feshin ne ke jawo ruwa da tsakuwa daga baki ya tura su har akwati. Ga tiyo mai inci biyu, ramin feshin wajen rabin inci ne, ga mai inci uku kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na inci, sai a gwada a daidaita da ƙarfin injin. Injin ban ruwa na yau da kullum yana ba da ruwa mai yawa amma matsinsa kaɗan ne, saboda haka a nemi mai matsi sosai. A yi wa bakin zobe da ya ɗan fi tiyon ƙanƙanta, yadda duk dutsen da ya shiga zai iya wucewa. Tiyon ya zama gajere, ba lanƙwasa mai tsanani, kuma kan akwatin kada ya ɗaga sama da fuskar ruwa fiye da rabin mita, don irin wannan zuƙon ba ya iya hawa tudu. Mai riƙe baki ya riƙa cire manyan duwatsu da hannu, ya bar ruwa ya fi tsakuwa yawa a abin da yake zuƙa.

Kada a wuce inci uku, kuma a yi zuƙon a cikin ramin da aka killace da buhunan yashi, ba a tsakiyar ruwa mai gudu ba. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ƙananan injinan zuƙo suka yi suna, an dakatar da amfani da su a koguna tun 2009 saboda kifi da tsohuwar zaibar da suke tonowa. Kada a ci gindin gaɓa, kada a sare itacen bakin ruwa ko a tone saiwarsa, kada a kusanci ƙafar gada. Gaɓar da aka ci gindinta a Maris ita ce gonar da ruwa zai tafi da ita a Agusta.

Nutso da tiyon iska a baki kuwa, ina roƙonka da girman Allah ka bar shi. Hayaƙin inji yana shiga tiyon ya sumar da mutum a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji komai ba, bangon rami kuma yana rufto masa. Ruwan da ya wuce ƙugu ba wurin wannan aikin ba ne. Bangon rami a yi masa gangara kamar matakala, kada a tara ƙasa a bakinsa, kada mutum ya shiga shi kaɗai. Wanda ke aiki a ƙasan madatsa irin Shiroro ko Bakolori ya san lokacin sakin ruwa. A sa takalmin roba mai tsawo saboda tsargiya. Yara ba su da aiki a nan ko kaɗan.

Mataki na shida: fitar da zinaren ba zaiba

Yankin kafet na farko a wanke shi duk bayan awa ɗaya ko biyu a cikin baho, sauran a ƙarshen yini. Abin da ya taru a tace shi da rariyar gari gida biyu ko uku, a wanke kowane girma daban, domin idan ƙwayoyi sun yi kai ɗaya nauyi ne kaɗai ke raba su. A yi wankin a cikin baho, ba a kogi ba, don a iya maimaitawa, a ɗiga ɗan sabulun ruwa don kada garin zinare ya yi iyo. Baƙin yashi a janye shi da maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika, a naɗe cikin leda. Abin da maganaɗisun ya ɗauko a ajiye shi a sake wankewa, yana tafiya da 'yan ƙwayoyi.

Zinaren kogi a sake yake, ba a kulle cikin dutse ba, saboda haka zaiba ba ta da wani aikin da kwano da haƙuri ba za su yi ba. Tana tafasa a ma'aunin zafi 357 na Salsiyas, idan aka ƙona curin da take yi da zinare, tururinta ne mai ƙonawa da na kusa da shi ke shaƙa, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa karkarwar hannu, ya fi illa ga mai ciki da jariri. Wadda ta zube a ruwa tana shiga kifi ta dawo cikin miya. Saboda irin wannan aka ƙulla yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2013, Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Madadinta boraks ne, wani farin gari mai kama da gishiri, wanda masu haƙa a yankin Benguet na ƙasar Filifin suka daɗe suna amfani da shi. Idan wankin ya kai inda zinare ya fito fili a cikin ɗan abin da ya rage, a haɗa shi da boraks kimanin daidai wa daida, a zuba a ƙaramin kaskon yumɓun da aka riga aka gasa da ɗan boraks a ciki, a hura gawayi da zugazugi ko a yi amfani da wutar mai walda. Zinare yana narkewa a zafin 1064 na Salsiyas. Boraks ɗin yana narkar da dattin ya zama kamar gilashi, zinaren ya dunƙule a gindi. Sharaɗin shi ne wankin ya yi kyau, idan baƙin yashi ya yi yawa ba zai narke ba. Maƙerin zinare na kasuwa ya san wannan aikin, ka kai masa na farko ka tsaya ka kalla. A yi a fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa.

Idan ka ga ɗigon zaiba a kafet, ko zinare ya fito da farin launi kamar azurfa, alama ce an taɓa aiki da ita a wurin. Ka tara shi a kwalba mai murfi da ruwa a kai, kada ka sa masa wuta.

Kada a kai komai na wannan aikin cikin gida, ko ƙasa, ko baƙin yashi, ko kayan da aka yi aiki da su. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ne sanadi, ƙurarsa ta zauna inda yara ke rarrafe. Tsakuwar kogi ba ta kai dutse haɗari ba, amma dalma ma mai nauyi ce, tana iya taruwa a kafet tare da zinare. A yi wanka a canza tufafi a wurin aiki, kwanon wanki kuma kada ya koma na tuwo.

Mataki na bakwai: mayar da wuri

Kada a bar cikewa sai ƙarshen rani, lokacin kuɗi sun ƙare kowa ya gaji. A fara aiki daga ɓangaren da ruwa ya nufa ana hawa zuwa inda yake fitowa, a yanka fili kaɗan, kamar taku uku a faɗi da biyar a tsawo, abin da aka fitar daga sabon yanka a zuba a wanda aka gama jiya. Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kansu, yashi, sannan ƙasar saman da aka ajiye gefe. Ta haka rami ɗaya ne kaɗai ke buɗe a kowane lokaci, kuma ba a ɗaukar ƙasa sau biyu.

Lakar da ta taru a ramukan tacewa a bar ta ta bushe, a binne ta da tsakuwa, ko a kwashe ta zuwa tudun da ambaliya ba ta kaiwa, in ba haka ba ruwan farko zai kwashe ta gaba ɗaya ya zuba a kogi. A baje tsibirin ya koma yadda aka same shi, kada a bar tudu ko kwarin da zai karkatar da ruwa zuwa gonar wani, ko ramin da saniya ko yaro zai faɗa. Inda aka taka gaɓa wajen shiga da fita a jera duwatsu, a dasa jema ko wata ciyawa mai riƙe ƙasa. A kwashe buhuna, leda, jarkokin mai da yashin da ke cikin farantin inji. Duk wannan a kammala shi da makonni kafin lokacin da kuka saba ganin hadarin farko, sannan a kira mai gari da mai fili su zagaya wurin tare da ku kafin a ɗauke akwatin.